Ruwan damana daga teku yake zuwa

Da yawa daga cikinmu ba mu taɓa ganin teku ba. Ƙasarmu Nijar ba ta da bakin teku. Daga Yamai zuwa Kwatano, inda teku yake, tafiya ce ta wajen kilomita 1000 a mota. Amma akwai mutanen da suke share shekara da shekaru suna karatun teku. Hala wani ya ce: mi ya haɗa manomin Maraɗi ko makiyayin Tawa da wannan karatu? Abin da ya haɗa su shi ne ruwan sama.

Ina ruwan sama yake fitowa?

Ku ɗora tukunyar ruwa bisa wuta, ku rufe ta. In ta ɗauki zafi, tururi zai tashi. In kun ɗaga marfin, za ku ga ɗigon ruwa a jikinsa. Haka rana take yi wa teku kullum. Teku babba ne ƙwarai. In an raba doron duniya kashi 100, kashi 71 teku ne. Ruwansa na gishiri ne, ba ya shayuwa. Kowace lita ɗaya tana da gishiri kamar garam 35. In tururi ya tashi, gishirin yana zama ƙasa, ruwa mai daɗi ne yake hawa sama.

To, wa ke kawo mana wannan tururi? Iska ce. Da ɗari, iska tana zuwa daga arewa maso gabas, busasshiya, da ƙura da hazo. Da bazara, rana tana gasa ƙasa har ta fi teku zafi nesa ba kusa ba. Iskar da ke bisa ƙasa mai zafi sai ta tashi sama. Iskar teku mai laima sai ta taho daga kudu maso yamma ta maye gurbinta. Wannan tekun sunansa Atalantika.

Manomi zai ce: «Ai hadari daga gabas yake taso mana.» Gaskiya ne. Hadari yana tafiya daga gabas zuwa yamma, saboda iskar can sama haka take tura shi. Amma laimar da yake sha a hanya, iskar ƙasa ce take kawo ta daga kudu. In laima ba ta iso ba, hadari ya taso da ƙura da rugumi, ya watse ba ɗigo.

Su wa ke wannan karatu?

Yaro in ya samu bak, sai ya shiga jami'a. Bayan shekara 3 ya samu takardar lisans. Wanda yake son zurfafawa zai ƙara shekara 2, ya samu mastar. Bayan nan akwai daktora, ita kuma shekara 3 ce ko fiye.

Karatun wannan mataki ya sha bamban da na ƙananan azuzuwa. Ba hadda ba ce. Ana ba ɗalibi tambaya guda wadda ba a san amsarta ba tukuna, har malaminsa bai sani ba. Misali: mi ya sa ruwan teku a kudancin Abijan da Kwatano yake yin sanyi wajen watan Yuni? Ɗalibi zai yi awo, ya yi lissafi, ya gwada da abin da na gabansa suka samu. A ƙarshe ya rubuta littafi, ya tsaya gaban manyan malamai su yi masa tambayoyi. In ya kare aikinsa, sannan a ba shi takarda.

Ba Turai da Amurka kaɗai ake wannan karatu ba. Tun shekarar 2008 an buɗe mastar ta ilimin teku a Kwatano, ƙarƙashin jami'ar Abome-Kalabi ta ƙasar Benin, da haɗin gwiwar masanan Faransa. Ɗalibai daga ƙasashen Afirka da dama sun yi karatu can, maza da mata.

Yaya ake awon teku?

Rijiyar ƙauyenmu in ta kai gaba 30, mukan ce ta yi zurfi. Zurfin teku a tsakaice ya kai mita 3700. Mutum ba zai nutsa can da kansa ba. Shi ya sa aka ƙera kayan aiki. Ga guda uku.

Na farko kamar goran masunta yake, amma babba, yana yawo bisa ruwa. An ɗaure shi da doguwar igiya zuwa wani nauyi da ke ƙasan teku, don kada ya tafi. A jikin igiyar akwai ma'aunin zafi, daga sama har zurfin mita 500. A kansa kuma akwai ma'aunin iska da na ruwan sama. Kullum yana aika labari ta tauraron ɗan'adam. Tun 1997 ƙasashen Birazil da Faransa da Amurka suka jera irin waɗannan goruna cikin Atalantika. Sunan shirin PIRATA. Kowace shekara jirgin ruwa yana zuwa a gyara su, kuma akan tafi da ɗalibai su koyi aiki. Aikin yana da wuya. Ana kwana da kwanaki ba a ga tudu ba, ga hajijiya, ga aikin dare.

Na biyu ƙarfe ne dogo, tsawonsa kamar na mutum. Shi ba a ɗaure shi. Yana nutsewa da kansa har mita 2000, sannan ya taso yana awon zafi da gishiri. Yana leƙowa sama bayan kowane kwana 10, ya aika abin da ya auna, ya koma. An fara wannan shiri, mai suna Argo, wajen shekarar 2000. Kusan guda 4000 ne suke yawo cikin tekunan duniya.

Na uku bututu ne da ake kafawa cikin lakar ƙasan teku, a ciro ta. Kun san ƙurar da iskar ɗari take kwasa? Wata tana faɗawa cikin teku, ta kwanta ƙasa, shekara bisa shekara. Wadda ke ƙasa ita ce tsohuwa, ta sama ita ce sabuwa. Masana suna karanta wannan laka kamar shafin littafi. Lakar da aka ciro kusa da gaɓar Muritaniya ta nuna cewa ƙura ta ƙaru ƙwarai wajen shekara 5500 da suka wuce. Kafin nan Sahara tana da ciyawa da tafkuna. Zanen raƙuman dawa da mutanen da suka sassaƙa bisa duwatsun Dabus, arewa da Agadas, shaida ne na wancan zamani.

Abin da aka gano game da fari

Dattawanmu ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba. Dabbobi sun mutu, rumbuna sun ƙare, mutane sun bar garuruwansu. A lokacin, wasu masana sun ɗora laifin bisa manoma da makiyaya. Suka ce saran itace da yawan kiwo ne suka kori ruwa.

A 1986, masana a Ingila suka ɗauko awon zafin teku na shekaru da yawa, suka jera shi da awon ruwan saman Sahel. Sai suka ga abin yana tafiya tare. A 2003 wani bincike a Amurka ya ƙara tabbatar da haka. A shekarun fari, tekun da ke kudu ya yi ɗumi fiye da yadda ya saba, na arewa kuma ya yi sanyi. In haka ta faru, iskar laima ba ta da ƙarfin shigowa arewa sosai. Ruwa sai ya tsaya ma ƙasashen kudu, mu kuma a bar mu da ɗan abin da ya samu. In tekun arewa ne ya fi ɗumi, sau da yawa damana takan yi kyau a Sahel.

Wannan bai wanke mai saran itace ba. Itace yana tare iska, yana riƙe ƙasa, yana ba gona taki. Amma babbar sanadin wancan fari daga teku take, ba daga gatarin talaka kaɗai ba.

Ina amfanin wannan ga mai gona?

Zafin teku ba ya sakewa da sauri. In ya yi ɗumi a watan Afirilu, yakan jima haka wata da watanni. Shi ya sa wanda ya auna shi da bazara yana iya kintata yadda damana za ta kasance.

A Yamai akwai cibiya mai suna AGRHYMET, wadda aka kafa a 1974, bayan babban fari. Tun 1998, masanan yanayi na Afirka ta Yamma suke taruwa kowace shekara kafin damana. Suna duba zafin teku da sauran alamu, sannan su ba da sanarwa. Sukan faɗi ko ruwa zai yi yawa ko kaɗan, ko zai sauka da wuri ko a makare, ko za a yi dogon tsaiko bayan shibka. Ana faɗin wannan a radiyo.

Ku lura da kyau. Wannan kintace ne, ba sanin gaibu ba. Yana magana bisa babban yanki, ba bisa gonar mutum guda ba. Wani sa'i gari ya samu ruwa, maƙwabcinsa bai samu ba. Amma wanda ya ji sanarwa ya fi wanda bai ji ba shiri. In an ce za a yi tsaiko bayan ruwan farko, kada ku zuba irinku duka a ƙasa, ku rage ƴan tiyoyi. In an ce damana gajera ce, ku nemi irin hatsi ko wake mai saurin nuna. In an ce ruwa zai yi yawa, mai gida kusa da gulbi ko ƙorama ya yi hattara, a gyara magudanai tun da wuri. Ambaliyar 2024 ta rushe gidaje da yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram. Yawan ruwa ma yana ɓarna, kamar rashinsa.

Masu awo sun ga cewa tekunan duniya suna ƙara ɗumi. Iska mai ɗumi tana ɗaukar laima da yawa, shi ya sa ruwa yakan sauka da ƙarfi lokaci guda. Yadda wannan zai taɓa damanar Sahel, tambaya ce da ɗalibai suke aiki bisa kanta. Ƙasar da abincinta ya dogara ga ruwan sama tana bukatar ƴaƴanta cikin masu wannan aiki. Hanyarsa kuwa tana farawa daga karatu da lissafi na ajin farko. In ɗanku ko ɗiyarku tana son lissafi, ku bar ta ta ci gaba da makaranta.

Tambayoyi

1. Daga wane gefe iskar laima take zuwa mana?
2. Mi ya sa ruwan sama ba ya da gishiri?
3. Ku faɗi kayan aiki biyu da ake awon teku da su.
4. In an ce za a yi tsaiko bayan ruwan farko, mi ya kamata manomi ya yi?
5. Waɗanne alamu ne dattawan garinku suke dubawa kafin damana? Ku rubuta guda biyu.