Abin da Matsakaici Yake Ɓoyewa

Mai kwana a Uke, kan hanyar Keffi, yana aiki a cikin Abuja, ba ya iya faɗa maka tsawon tafiyarsa da lamba ɗaya. Wata rana mota ta ratsa Masaka da Mararaba da Nyanya ba tangarɗa, wata rana kuma cunkoso ya tsare shi tun kafin ya hango gadar Mararaba. In ka matsa masa, zai tara kwanakin ya raba, ya ba ka matsakaici. Lissafin daidai ne, amma rabin labari ne. Ɗaya rabin shi ne yadda kwanakin suke nisa da juna, kuma masana ƙididdiga sun daɗe da samo hanyoyin auna wannan warwatsuwa.

Mu ƙaddara direbobi biyu ne a tasha ɗaya. Lambobin na misali ne, don a ga yadda aikin yake. Na farko ya kai fasinja cikin minti 60, 65, 70, 75 da 80, daga Litinin zuwa Juma'a. Na biyu, mai tsaye-tsayen ɗaukar fasinja da kutse in ya samu hanya, ya yi 40, 50, 60, 80 da 120. Tara na kowannensu, 350 ne. Raba gida biyar, minti 70 ke nan. A takarda sun yi kunnen doki. Amma wanda maigidansa ke duba agogo a ofis ya san motar da zai shiga.

Ma'auni mafi sauƙi shi ne tazara: a cire ƙaramar lamba daga babbar. Ta direban farko minti 20 ce, ta na biyu 80. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da ke Abuja tana ba mu kayan wannan lissafi duk wata, domin a rahotanninta na farashin abinci da man fetur da kuɗin mota takan faɗi matsakaicin ƙasa, ta kuma ambaci jihar da ta fi tsada da wadda ta fi araha. 'Yan jarida sukan ɗauki matsakaicin su yi kanun labari da shi, su bar sauran, alhali mai cefane a Keffi ko Maiduguri ba a matsakaicin ƙasa yake sayen mudun shinkafa ba. Sai dai tazara tana da rauni babba. Lambobi biyu kawai take kallo, kuma su ne biyun da suka fi zama na ba-zata. Tirela ɗaya ta faɗi a hanya rana ɗaya cikin wata, tazarar watan duka ta kumbura, ko da sauran kwanakin sun tafi sumul.

Don haka aka nemi ma'aunin da zai saurari kowace lamba. Ana tambayar kowace rana: nawa kika kauce wa matsakaici? A wajen direban farko, Litinin ta gaza da 10, Talata ta gaza da 5, Laraba ta faɗa daidai, Alhamis ta haura da 5, Juma'a ta haura da 10. A nan ɗalibi yakan yi tuntuɓe, domin in ya tara waɗannan karkata, gazawa ta cinye haurawa, sifili ya fito. Kuma haka zai fito a kowane jerin lambobi a duniya, don matsakaici dama wurin da ɓangarorin biyu suke yin daidai ne. Mafita ita ce a ninka kowace karkata da kanta, sai alamar ragi ta ɓace: 100, 25, 0, 25, 100. Jimla 250, a raba biyar, 50. Na direba na biyu kuwa 900, 400, 100, 100 da 2,500 ne, jimla 4,000, a raba biyar, 800. Wannan lamba ita ce bariyans, sunan da Ronald Fisher na Ingila ya raɗa mata a 1918.

Dubi yadda ranar minti 120 ita kaɗai ta kawo 2,500 cikin 4,000. Ninkawar tana hukunta babbar karkata fiye da ƙarama, kuma a ganina hakan ya dace da rayuwa: makarar minti biyar sau goma ba ta kai illar makarar minti hamsin sau ɗaya ranar jarrabawa ko ganawar ɗaukar aiki ba.

Matsalar 50 da 800 ita ce ba mintuna ba ne, mintuna ne da aka ninka da kansu, abin da ba wanda ya taɓa gani a agogo. Sai a koma baya, a nemi lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da 50, wato kusan 7, da wadda za ta ba da 800, wato kusan 28. Wannan shi ne ma'aunin karkata, wanda Karl Pearson ya yaɗa a farkon shekarun 1890, ake rubuta shi da harafin Girkanci sigma. Yanzu magana ta fito fili: duka biyun minti 70 suke yi, amma na farko yakan kauce da kimanin minti 7, na biyu da kimanin 28, ninki huɗu. Ɗalibin Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi zai tarar a littafi cewa in kwanakin samfuri ne kawai daga cikin masu yawa, ana rabawa da huɗu maimakon biyar, domin ƙaramin samfuri yakan nuna warwatsuwa ƙasa da yadda take. Gyara ne mai amfani, amma yakan shuɗe in lambobin sun yi yawa.

Akwai ƙa'idar da ake yawan haddacewa, cewa kusan kashi 68 cikin 100 na lambobi suna cikin sigma ɗaya daga matsakaici, kusan kashi 95 kuma cikin sigma biyu. Gaskiya ce, amma ga abubuwan da suka taru a tsakiya suka ragu daidai ta hagu da dama, kamar tsayin manyan mutane. Kuɗin shiga ba haka yake ba. Zaunar da ma'aikata tara masu ɗaukar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, wanda aka amince da shi a 2024, ka ƙara musu ɗan kwangila guda mai samun miliyan biyar a wata. Matsakaicin ya zama naira 563,000, kuɗin da babu ko mutum ɗaya a cikinsu da yake karɓa. A irin wannan hali ana jera lambobin daga ƙarami zuwa babba, a ɗauki ta tsakiya, sannan a yar da rubu'in ƙasa da rubu'in sama, a auna tazarar rabin da ya rage. Attajirin ba ya iya jan wannan ma'auni, ko da dukiyarsa ta ninka goma.

Manomi ya riga malamin makaranta sanin wannan fanni. Ruwan sama ya fi yawa a yankin Abuja da Nasarawa fiye da Kano, na Kano kuma ya fi na Maraɗi. Amma ƙarancin ba shi kaɗai ne damuwar arewa ba. Inda ruwa ya yi kaɗan, saɓaninsa daga shekara zuwa shekara yakan fi girma in aka gwada shi da matsakaicinsa, abin da ake aunawa ta raba sigma da matsakaici. Gibin milimita 150 a gonar doya ta Uke abin jimami ne, a gonar gero ta Maraɗi kuwa yana iya zama rumbu wayam. Farin 1973 da na 1984 suna nan cikin lissafin matsakaicin ruwan Sahel, an narkar da su cikin shekarun albarka har ba a ganinsu.

Shi ya sa manomin arewa yake haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, yana sane da cewa a shekara mai kyau shuka ɗaya tilo za ta iya ba shi riba fiye da haka. Kuma shi ya sa masu binciken iri, irin na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, suke gwada sabon iri a wurare daban-daban da damina fiye da ɗaya kafin a sake shi ga manoma. Irin da ke ba da buhu 20 bana da 6 baɗi, da wanda ke ba da 14 da 12, duk matsakaicinsu 13 ne, amma mai iyali da ba shi da ajiya na biyun zai zaɓa.