Ko Kun Sani? Kabeji Kan Ba Da Girbi Sau Biyu

Tushen kabeji ɗaya kan ba da girbi har sau biyu. Da yawa daga masu lambu da sun yanke kan sai su tumɓuke sauran su watsa wa awaki, alhali tushen bai gama aiki ba. Idan aka yanke kan da wuƙa mai kaifi, aka bar kututturen a ƙasa da ganyen waje huɗu ko biyar, aka ci gaba da ban ruwa da ɗan taki, cikin 'yan makonni ƙananan kawuna za su tsiro a kewayensa. A cire raunanan a bar biyu ko uku, kowanne zai kai kamar girman lemo, ga laushi a kwaɗo. Dalili kuwa, a gindin kowane ganye akwai idon toho da babban kan ke hana shi girma, da an cire kan sai ya samu sarari. Burokoli ma yakan yi ta fitar da ƙananan rassa bayan yankan farko. Abin ya fi kyau a lokacin hunturu, ko a wuri mai sanyi irin Jos, domin zafi da tsutsa kan lalata tohon.