Ƙaramar Kwaleji Da Ta Gagari Manya

A kudancin Amurka, cikin jihar Tennessee, akwai wata ƙaramar kwaleji a bisa wani tsauni, ana kiranta Sewanee. A shekarar 1899 ɗalibanta ba su kai 400 ba. Amma a cikin wannan shekara 'yan wasan ƙwallonta suka yi abin da har yau ba a manta da shi ba.

Ƙwallon Amurka ya sha bamban da tamaular da kuke bugawa a filin makaranta. Ƙwallon nasu dogo ne, kamar ƙwai. Akan rungume shi a gudu da shi, abokan karawa kuwa su yi ƙoƙarin kayar da mai gudun. Kowane gefe mutum 11 ne. Wanda ya ƙetare layin ƙarshe da ƙwallo a hannu ya ci, a lokacin kuwa maki 5 ake ba shi. A zamanin nan ba a yarda a jefa ƙwallo gaba ba, sai a 1906 aka halatta haka. Saboda haka wasan ya zama na ture-ture da ƙarfin ƙirji. Kuma wanda aka fitar daga fili ba ya komawa a wannan wasa, don haka ko an ji wa mutum ciwo yakan daure.

Kuɗin da ƙungiyar Sewanee ke riƙe kanta da su daga 'yan kallo suke fitowa. Wasan da ya fi kawo mata kuɗi shi ne wanda take yi da jami'ar Vanderbilt. To, a wannan shekara sai makarantun biyu suka saɓa a kan rabon kuɗin ƙofa, wasan ya fasa. Ɗalibin da ke kula da sha'anin ƙungiyar, Luke Lea, ya ga in ba a yi dabara ba asusu zai bushe. Sai ya shirya wasanni 5 da manyan makarantu, a garuruwa 5, cikin kwana 6. Mutane da yawa suka ga wannan ganganci ne, gama ƙungiya takan huta mako guda tsakanin wasa da wasa.

Suka shiga jirgin ƙasa tare da mai koyar da su, Billy Suter. Suka ɗauki gangunan ruwa daga maɓuɓɓugar tsauninsu, don kada baƙon ruwa ya ɓata musu ciki. Akwai kuma wani baƙar fata, Cal Burrows, wanda ke yi wa 'yan wasa tausa da dare a cikin jirgi, domin gaɓoɓinsu su saki kafin gari ya waye.

Ran 9 ga Nuwamba suka kara da jami'ar Texas a birnin Austin. Kyaftin ɗinsu, Henry Seibels, ya sami rauni a goshi, aka ɗaure masa, ya ƙi fita. Suka ci 12 da babu. Kashegari a Houston suka ci Texas A&M 10 da babu. Ran 11 ga wata a New Orleans suka ci Tulane 23 da babu. Ran Lahadi suka huta. Ran Litinin a Baton Rouge suka ci jami'ar jihar Louisiana 34 da babu. Ran Talata kuma, a Memphis, duk da gajiya da raunuka, suka ci jami'ar Mississippi 12 da babu. Watau sun tara maki 91, ba a ci su ko ɗaya ba, bayan tafiyar mil 2,500. Tun daga nan ake yi musu kirari da Mazajen Ƙarfe.

Wasan da ya fi ba su wuya daga baya ya zo. Ran 30 ga Nuwamba suka haɗu da Auburn, wadda wani gwanin mai koyarwa, John Heisman, ya horar. Aka yi ta fafatawa, Sewanee ta tsira da kyar, 11 da 10. Auburn kaɗai ta iya cin su maki a duk shekarar. Sa'an nan suka rufe da cin North Carolina 5 da babu. Wasa 12 suka yi, suka cinye duka, da maki 322, aka ci su 10. Da haka suka zama zakarun kwalejojin kudancin Amurka.

Luke Lea kuwa ya zama ɗan majalisar dattawan Amurka a 1911. Yau Sewanee ta bar karawa da waɗannan manyan jami'o'i, da ƙanana irinta take wasa. Amma labarin 1899 yana nuna mana cewa ƙanƙantar makaranta ba ta hana ta yin fice, in akwai shiri, da jimiri, da haɗin kai.

Tambayoyi
1. Ta wace hanya ƙwallon Amurka ya bambanta da tamaula?
2. Don me Luke Lea ya shirya doguwar tafiyar nan?
3. Me ya sa suka tafi da ruwansu?
4. Wace ƙungiya ce kaɗai ta ci Sewanee maki a 1899?