Shagon kayan gini: Yadda yake tashi da yadda yake durƙushewa

A Gwandu da Kalgo mun taso muna ganin shagunan kayan gini na iyali: uba a kan benci, 'ya'ya suna ƙirga ƙusa, suna loda siminti da kwanon rufi a baro. Wasu suna nan da ƙarfinsu, wasu kuma kwado ne a ƙofarsu yau. Me ya faru?

Kasuwar ta buɗe sosai bayan an ƙirƙiro Jihar Kebbi a ranar 27 ga Agusta, 1991. Birnin Kebbi ta zama hedkwata, ma'aikata suka ƙaru, mutane suka riƙa sauya ginin ƙasa da na bulo. Sakkwato ba nisa, kuma can ne kamfanin siminti na Kalambaina yake. Da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, wadda mazauninta na dindindin ke kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, gine-gine suka ƙara yawa a yankin. Mai rodi da fenti da kwano ya samu ciniki.

Abu na farko da ke karya irin wannan shago shi ne tashin farashi. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin dakon kaya ya hau, naira kuma ta faɗi. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama. Mu yi lissafi: ɗan kasuwa ya sari buhu 100 a kan naira 5,000, ya sayar a 5,500, ya tara naira 550,000. Ya koma sari ya tarar buhu ya kai 7,000. Kuɗinsa buhu 78 kawai za su saya. A ido ya ci riba, amma jarinsa ya ragu.

Na biyu, bashi. Magini ko ɗan uwa ya ɗauki kwano sai bayan girbi, ba a rubuta ba, kunya kuma ta hana tambaya.

Na uku, aljihu ɗaya. Cefane, biki da kuɗin makaranta duk daga akwatin shago suke fita, har a cinye uwar kuɗi ba a sani ba.

Na huɗu, rasuwar mai shago. Idan aka raba gado, kowa ya janye kasonsa, jarin da ke sarin mota guda sai ya koma na 'yan buhuna. Magada suna iya sanin kason kowa, sannan su amince su bar shi a shagon su riƙa raba riba.

Mu da ke makaranta muna da abin yi tun yanzu. Idan gidanku akwai shago, ku nemi izinin Baba ku buɗe littafi: abin da ya shigo, abin da ya fita, da sunan duk mai bashi da ranar biya.