Abin Da Tsofaffin Taswirori Suke Koya Mana

Ƙungiyarmu ta masu sha'awar tarihin gari takan fita ziyara sau ɗaya kowane zangon karatu, mu da malaminmu da wasu dattawan unguwa. Mukan je ɗakunan karatu na jami'o'i da gidajen ajiye kayan tarihi don mu duba tsofaffin taswirori. Wasu 'yan'uwana ɗalibai suna cewa wannan ɓata kuɗin mota ne, tunda ga taswira a kowace waya. Ni kuwa ina ganin tsohuwar taswira shaida ce, kuma duk mai ba da shaida sai an tambayi ko shi wane ne, da abin da yake nufi.

Ta farko da muka gani tana cikin wani littafi da aka buga a Ingila a 1826. Ita ce wadda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba Bature Clapperton a Sakkwato a 1824. Taswirar ta nuna kogin Kwara ya miƙe gabas har ya kai Masar. Amma Clapperton ya rubuta cewa kafin nan Sarkin ya zana masa kogin a ƙasa, ya nuna masa yana faɗawa teku. To, me ya kawo bambancin? Wasu masana suna ganin Sarkin bai so baƙi su san hanyar shigowa ƙasarsa ta ruwa ba. Sai a 1830 Richard Lander da ƙanensa suka bi kogin har bakin teku.

Ta biyu ita ce ta birnin Kano, wadda Barth, Bajamushen da ake kira Abdulkarim, ya zana bayan zuwansa a 1851. Ga ganuwa da ƙofofinta, ga Dala da Goron Dutse, ga Jakara. Abin mamaki, yawancin filin da ke cikin ganuwa babu gidaje, sai gonaki da makiyaya. Dalili kuwa shi ne, in abokan gaba suka kewaye gari, mutane suna da wurin noma, mutanen ƙauye kuma su sami mafaka. Yau gidaje sun cinye filin, ganuwar ma ta zube a wurare da yawa.

Ta uku ta iyakar Nijeriya da Nijar ce. Turawan Ingila da na Faransa suka shata ta a kan takarda, sa'an nan tsakanin 1906 da 1908 suka bi ta suna kafa alamu. Da haka Maraɗi ta faɗa hannun Faransa, Katsina kuma hannun Ingila, alhali kuwa dangi ne. Wanda ya ga wannan layi ya gane abin da ya sa ɗan'uwansa na can ya yi boko da Faransanci.

Saboda haka ina roƙon iyayenmu su riƙa barin 'ya'yansu suna zuwa irin wannan ziyara. Wanda kuma yake da tsohuwar taswira ko takardar gona a adaka, kada ya bar wa gara da ɗigar ruwa. Ya nuna wa masana a ɗauki hotonta, domin ranar da rigimar iyaka ta tashi, ita za a nema. Allah ya sa mu amfana.