INA UNGULU TA TAFI?

Dattawan Babura da Kazaure da Roni da Gwiwa suna tune da lokacin da ba a yanka a mahauta sai ungulaye sun yi dafifi, har yaran mahauta su gaji da kora. Yanzu kuwa sai kasuwa ta ci ta watse ba a ga ko ɗaya ba. Waɗansu suna cewa ai ta koma gidanta na tsamiya. To, amma tsamiyar ma an duba, ba ta nan. Ya kamata Hakimai da malamansu su san inda irin wannan al'amari yake ƙarewa, gama ya taɓa faruwa ga wani tsuntsu.

A arewacin tekun Atlantika an yi wani tsuntsun ruwa wanda Turawa suke kira Great Auk. Tsayinsa ya kusa kamu biyu, ba ya iya tashi, sai dai ninƙaya da nutso. Ƙwai ɗaya tak macen take yi a shekara, a kan dutse. A tsibirin Funk na gaɓar Kanada matuƙan jiragen ruwa suka yi ta kashe shi, da fari don nama, daga baya don gashin da ake cusa matashi, har wajen 1800 ya ƙare a can. Da ya yi wuya, sai attajiran Turai masu tara abubuwan mamaki suka shiga sayen fatarsa da ƙwansa da tsada. Wannan tsada ita ce ta ƙarasa shi. A watan Yuni na 1844 waɗansu masunta uku suka sauka a tsibirin Eldey, kusa da Aisilan, bisa saƙon wani ɗan kasuwa. Suka tarar da mace da namiji suna kwanci, suka shaƙe su, ƙwan kuwa ya fashe. Daga ran nan ba a sake samun sheƙarsa ba a duniya duka.

Ungulu ma ƙwai ɗaya take yi a shekara, saboda haka in an kashe babba ɗaya, a daɗe ba a mayar da gurbinta ba. Kuma ciniki ne yake cinye ta. Ana sayen kanta da ƙafafunta da ƙwanta don tsibbu da neman sa'a, ko da yake sa'ar da ake gani a fili ta mai sayarwa ce kaɗai. Da ta yi ƙaranci a Nijeriya kuɗinta ya hau, fatake suka koma nemo ta daga Nijar da Chadi. Masu kamun sukan barbaɗa guba a mushe, tarko ɗaya ya kashe garke guda. A Gini Bisau a 2020 an kashe fiye da 2,000 ta haka. Ga kuma saran manyan itatuwa, kuka da rimi da tsamiya, inda take sheƙa. Tun 2015 ƙungiyar kiyaye halittu ta duniya, IUCN, ta sa ungulun kasuwa cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa.

Kada a ce mece ce ungulu, ƙazamar tsuntsuwa. Ita ce duba-gari wadda ba a biya. A Indiya wani maganin shanu, diclofenac, ya kashe fiye da kashi 95 cikin 100 na ungulayensu kafin a hana ba dabbobi shi a 2006. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili, karnuka suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru.

Ƙasar Babura tana bakin iyakar Nijar, don haka a sa ido a kan kayan da ke shigowa kasuwanni. Ana roƙon Hakimai su tara Dagatai da Sarakunan Pawa da na Baka su karanta musu wannan takarda. Itacen da aka ga sheƙar ungulu a kansa kada a sare shi. Dabbar da aka yi zargin guba ce ta kashe ta, a binne ta da zurfi. Malaman Hakimi kuma su riƙa rubuta wuri da ranar da aka ga ungulu da yawanta, su miƙa wa ma'aikatan gandun daji.