Idan Ƙafar Baya Ta Kama Tsalle a Tsohuwar Motar Jeji da Aka Ɗaga

Direba ya taka totur domin ya fita daga yashi ko ya haura gangare, sai bayan motar ya kama bugawa, daf-daf-daf, tayoyin baya suna tashi suna faɗuwa, kayan da ke bodi suna tsalle, motar kuma ba ta gaba. Masu bin hanyar Agadas zuwa Dirku sun san wannan abu, haka ma direbobin da ke shiga ƙauyuka da damina. An fi ganinsa a tsofaffin motoci masu sifirin na falle-fallen ƙarfe a baya, irin su Hilux ƙirar 1988 zuwa 1997 da Land Cruiser jerin 70 da aka fara ƙerawa a 1984, musamman idan an ɗaga su an sa musu manyan tayoyi.

Abin da aka saba yi shi ne a garzaya kasuwa a sayo shokozoba. Idan bai yi ba a kai tayoyi balansin, daga nan a ce farfela ce. Kuɗi na ta fita, tsalle na nan. Makanike na ƙwarai, kafin ya ɗauki sifana, tambaya ɗaya zai yi wa mai mota: yaushe take yi? Amsar ita ce rabin aikin.

In sai mota ta kai gudun kilomita 80 zuwa 100 a kan kwalta take fara kaɗuwa, ko ana taka totur ko ba a takawa, to a dubi taya. Laka ta bushe a cikin wili, ko wilin ya lanƙwashe, ko tayar ta yi ƙullutu saboda wayar cikinta ta saki. A ɗaga ƙafar, a ajiye bulo dab da tayar, a juya ta da hannu. Idan tazarar tana buɗewa tana rufewa, an kama ɓarawon. In kuwa a kwana take yi, a hankali, a kan busasshiyar hanya, a duba ko an manta motar a giyar ƙafa huɗu, ko wani ya taɓa yi wa haƙoran cikin aksul walda domin tayoyin biyu su riƙa juyawa tare. In a birki ne, gangar birki ta daina zama da'ira ko takalmin birki na kamawa. Waɗannan duk masu sauƙi ne.

Wanda ya fi wahalar da mutane shi ne wanda ke zuwa lokacin da injin ke ja da ƙarfi, a giya ta ɗaya ko ta biyu, kuma yana ɗaukewa nan take da an saki totur. Ga yadda abin yake. Lokacin da injin ke murɗa tayoyi su yi gaba, kwankon aksul ɗin shi kuma yana ƙoƙarin juyawa baya, hancinsa inda farfela ta shiga yana ɗagawa sama. A irin waɗannan motoci babu abin da ke riƙe shi sai sifirin. Wato sifirin na aiki biyu: yana ɗauke da nauyin mota, yana kuma hana aksul juyawa. Idan ƙarfin ya fi shi, sai ya murɗe ya koma siffar harafin S. Ana cikin haka taya ta ɗan zame a yashi, sai sifirin ya warware da ƙarfi kamar ɗanyen reshe da aka tanƙwaro aka saki, ya cilla tayar sama. Ta faɗo ta sake kama ƙasa, ya sake murɗewa. Haka abin zai yi ta maimaituwa sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya.

Ɗaga mota yana ƙara wa wannan ciwo ƙarfi, kuma yadda aka ɗaga ta shi ne magana. A Hilux mai ƙafa huɗu sifirin na baya a kan aksul yake zaune, shi ya sa hanya mafi arha ita ce a cusa tubalin ƙarfe mai inci 2 zuwa 4 a tsakaninsu. Motar za ta yi tsayi, ta yi kyau a ido. Amma an nisanta aksul daga sifirin, kuma duk yaron gareji ya san idan aka zura bututu a sifana, notin da ya gagara yakan kwance. Tubalin nan shi ne bututun. A Land Cruiser jerin 70 kuwa sifirin a ƙarƙashin aksul yake, tubali ba zai ɗaga ta ba, sai dai a tsawaita maratayin sifirin, ko a sake masa lanƙwasa, ko a juyar da shi ya koma saman aksul. Wannan na ƙarshen yana ba da tsayi sosai, kuma shi ya fi kowanne kawo tsalle. Ƙara da taya mai inci 33 ko 35 a gurbin ta asali, ƙara da ƙaramar giyar jeji da ke ninka ƙarfin murɗawa kusan sau biyu ko fiye, sannan a tuna sifirin ɗin ya shekara talatin yana dakon buhuna da jarkoki. Wasu ma har fallen ƙarfe ɗaya ko biyu suke zarewa wai don motar ta yi laushi. Laushin kam za a samu, da tsallen tare.

Tabbatar da murɗewar sifirin ba ya bukatar wata na'ura. A ja layi da alli daga sifirin, ya bi ta kan tubalin, ya sauka kan aksul. A sami fili mai tsakuwa ko yashi, mutum ɗaya ya tsaya a gefe, nesa kaɗan, ya ɗauki bidiyo da waya yayin da direba ke tashi da ɗan ƙarfi. A bidiyon za a ga hancin aksul yana ɗaga kai. In an dawo aka tarar layin allin ya karye, to ba murɗewa kaɗai ba ce, aksul ɗin ma yana motsi a mazauninsa. Daga nan a shiga ƙarƙashi, amma ba a kan jak kawai ba, a tokare motar da abin da ba zai zame ba. A nemi jan garin tsatsa a gefen ƙusoshin nan masu siffar U da ke ɗaure sifirin da aksul: inda ƙarfe ke gugar ƙarfe, nan garin yake fitowa. A duba ƙusar tsakiya da ke haɗe fallayen, domin takan guntule ba a sani ba, alamarta kuwa tazarar taya da bodi ba ta zama daidai a hagu da dama. A sa ƙarfe a ɓanɓari idon sifirin a ga ko robar bushin ta cinye. Sau da yawa akan tarar da falle ɗaya ya tsage dab da tsakiya, laka ta rufe shi.

Shokozoba tana da nata laifin, ba a wanke ta ba. Wadda ta mutu ba ta iya kwantar da bugun, wadda kuma aka bari ta asali bayan an ɗaga mota takan yi gajarta, ta miƙe har ƙarshe ta fizgi tayar daga ƙasa. A kwance ƙasanta a gwada da hannu, a kuma auna tsawonta. Sai dai sabuwar shokozoba rage abin take yi kawai, ba ta hana sifirin murɗewa.

Farfela ma a kula da ita, don kada a rikita ciwo biyu. Ɗaga mota yana canza kusurwar kuros ɗin farfela na gaba da na baya, waɗanda ya kamata su yi kusan daidai da juna. Idan suka saɓa, ana jin rawa mai laushi a ƙarƙashin kujera, ba bugu ba. Ana gyara wannan da ɗan siririn ƙarfe mai gangare da ake sawa a mazaunin sifirin.

A ganina, tubalin da ya wuce inci 2 ba shi da wurin zama a motar da ke aiki a jeji, ɗora tubali kan tubali kuwa ganganci ne. Gyara na gaskiya shi ne a cire shi a sa sifirin da aka ƙera da tsayinsa, da sababbin ƙusoshin U, domin tsofaffin sun riga sun miƙe, a kuma sake ɗaure su bayan 'yan tafiye-tafiyen farko. Kada a yarda a gasa sifirin da wuta don a lanƙwasa shi, wuta tana kashe masa ƙarfi. Wanda bai son rabuwa da tsayin motarsa, sai a haɗa masa sandar ƙarfe daga aksul zuwa shasi wadda ke hana aksul juyawa, da maratayi a gabanta domin sifirin ya ci gaba da motsi.

Kai kuma direba, kafin a kai ga gyara: da ka ji ta fara, ɗaga ƙafarka daga totur. Kowane bugu yana sauka ne a kan kuros da sandar aksul da haƙoran giya, kuma ɗayansu ne zai karye. Rage iskar taya in a yashi kake, ka koma baya kaɗan, ka sake tashi a hankali da giya ta biyu.